Imrich Mai Hana Karnuka Barci

Ƙanena Imrich Sabol mutum ne da karnuka suke so, kuma wannan soyayyar ce ta kusa kai shi gidan mahaukata. Ni ce Gizela, yayarsa. Ni na goya shi a ƙauyenmu na gindin duwatsu, ni kuma na sa ya biyo ni Chicago bayan mijina ya rasu, saboda haka duk wanda yake da abin faɗa a kansa sai ya jira na gama nawa.

Tun yana ƙarami ba mai magana ba ne. Babanmu makiyayin tumaki ne, Imrich kuwa a tsakanin karnukan garke ya tashi, da su yake ci, da su yake kwana. Ya girma ya zama ƙato mai sanyin jiki, irin wanda za ka zage shi da safe sai da yamma ya gane zagi ne. Da ya zo Amurka aka sama masa aiki a kwata, inda ake yanka dabbobi, kamar kowa a unguwarmu. Bai daɗe ba inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Daga nan ba mai ɗaukarsa aiki. Ya zauna mini a gida yana feraye dankali, rabi a kwano rabi a shara.

Ina da gidan haya a lokacin, ina kwantar da gwagware ina dafa musu. A cikinsu akwai Vendel, mai shara a wata makarantar koyon likitanci da ke can ƙetaren gari, mutum mai baki kamar reza. Wata rana muna cin halushki, abincin ƙasarmu, da kabeji ya ajiye cokali ya ce ya samo wa Imrich aiki.

Na ce, "Aikin me? Ka dai ga hannunsa."

Ya ce, "Yawo da kare, uwar gida. A ƙasar nan ko kare sai an ɗaukar masa ɗan rakiya. Mu ne dai ba mu da gata."

Duk teburin aka fashe da dariya. Imrich bai yi dariya ba, fuskarsa ce kawai ta washe, karo na farko tun da ya bar asibiti. Ni ma na ji daɗi, don ban san kome ba.

Wani likita ne, Dakta Merriam, yake son ya gano mene ne barci, kuma me yake samun jiki idan aka hana shi. A tunaninsa akwai wata guba da take taruwa a cikin jinin wanda bai yi barci ba. Sai a hana kare runtsawa kwana da kwanaki, ana ɗibar jininsa ana dubawa. Ba a dukan karen, ba a tsikara masa kome, don likitan ya ce azaba tana ɓata jinin. Da tafiya ake hana shi barci, da magana, da shafa. Mutum biyu suke karɓa-karɓa: wani Ba'airishe mai suna Dugan da rana, Imrich da dare, suna zagaya tsakar makarantar. Da yake Imrich ba shi da yatsun riƙe igiya, sai ya riƙa ɗaure ta a tsintsiyar hannunsa da irin ƙullin makiyaya, wanda ba ya kwancewa sai mai shi ya so.

Ya iya aikin, abin takaicin ke nan. Karen da ya gagari Dugan, da ya ji muryar Imrich sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya, ko da ƙafafunsa suna rawa.

Da farko yana dawowa da safe ya ci abinci ya kwanta. Daga baya ya fara zama a kicin yana ba ni labari ba tare da na tambaye shi ba, shi da ake roƙonsa kalma. Ya ce kwanakin farko kare murna yake yi, yana ganin ya sami aboki. Sai ido ya yi ja. Sai jiki ya yi sanyi, ka taɓa shi kamar ka taɓa tulun ruwa. Sai ya fara karo da bango, yana cizon iska, yana yi wa inuwarsa gurnani. A ƙarshe likita ya ce an gama, a kai shi keji. Kare ya zube. Imrich ya dawo washegari ya tarar an wanke kejin tas.

Vendel ya gaya mini cewa wasu a cikin barcin suke mutuwa, wasu kuma likitan ne yake hawa da su sama ya buɗe kansu. Imrich bai taɓa hawa sama ba. Abin da idonsa ya gani kawai shi ne kare ya kwanta, kare bai tashi ba.

Na ce, "Ka bar aikin nan. Ba aikin ɗan Adam ba ne. Gara ka ci gaba da ɓarnatar mini da dankali."

Ya ce, "Yaya, in na bari, wa zai riƙa yi musu magana? Dugan shurinsu yake yi in Dakta ya juya baya."

Na yi masifa, na buga tukunya, na kai ƙararsa wurin Fada, limamin cocinmu. Ko a jikinsa.

A ƙarshen kaka aka kawo wani saurayin kare ruwan ƙasa mai karyayyen kunne ɗaya. Lamba suke ba su, amma Imrich ya sa masa Bodrik, sunan wani karen babanmu. Wannan kare ya ɗauki Imrich ya sa a ransa fiye da duk na baya. Matsalar ita ce ba ya tsaya wa kowa sai shi. Da Imrich ya fita ƙofa da safe, sai Bodrik ya kwanta, a ja shi a ɗaga shi, a banza. Dugan ya kai masa ƙafa, karen ya cije shi a ƙwauri, Dugan ya yi zuciya ya jefar da igiya ya tafi. Dakta Merriam ya roƙi Imrich ya ɗan tsaya kafin a sami wani. Aka samo wani, Bodrik ya kwanta masa. Aka sake samo wani, haka. Imrich ya mayar da igiya hannunsa ya ƙulle, ya daina dawowa gida.

Na riƙa ba Vendel abinci yana kai masa, yana dawo mini da kwano yadda na zuba. Wata rana Vendel ya dawo bai yi wasa da kowa ba, ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula.

Ya ce, "Uwar gida, ki je ki gan shi. Ni dai ban san wanne ake gwadawa ba a cikinsu."

Na cire ƙyallen girki na hau tarago, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, da la'asar. Ta shingen ƙarfe na fara hango su. Fili ne na siminti, da bango ta sauran ɓangarorin, mutum da kare suna zagayawa a hankali. Imrich ya rame, gemu ya fito, takalminsa ɗaya ya buɗe baki. Yana tafe yana magana da harshenmu, na matsa na kasa kunne, sai na ji da babanmu yake yi, wanda ya rasu tun kafin mu ƙetaro teku. Yana gaya masa tunkiya ɗaya ta ɓata.

Sai na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi. Kan Imrich ya langwaɓe, gwiwarsa ta lanƙwashe, barci ya sace shi a tsaye. Karen nan da shi kansa da kyar yake ɗaga ƙafa, sai ya juyo ya sa hanci ya tunkuɗi cinyarsa, ya lashi dungulmin hannun, ya ja igiya. Imrich ya farka firgigit ya ce, "Yawwa, na gode," suka ci gaba. Yadda yake yi wa karen, haka karen ya koya yake yi masa.

Na ƙwala masa kira. Ya dube ni ya daɗe kafin ya ce, "Yaya? Ya aka yi kika hawo dutse da wannan takalmin?"

Na kutsa cikin ginin ina ihu har na sami likitan, wani siriri mai tabarau, shi ma idonsa ya faɗa. Turancina ba shi da yawa, amma na zagi ya wadatar, na zazzage masa shi duka. Ya ce sun yi ta roƙon Imrich ya je ya kwanta ya ƙi, kuma ranar Lahadi da safe za a gama. Na koma wurin Imrich na kama rigarsa na ja. Ya ture hannuna, shi da bai taɓa yi mini musu ba, ya ce in matsa ina tsorata Bodrik. Haka na hau tarago ina kuka, mutane suna kallona.

Ranar Lahadi muna dawowa daga coci na ga mata sun yi cincirindo a shingen bayan gidana. Na ture su na shiga. Imrich ne da karen, suna zagaya sandar shanya. Ashe da aka ce masa an gama, a kai Bodrik keji, sai ya bi ta ƙofar baya ya ratso gari a ƙafa.

Na ce, "Madalla, ka kyauta. Ka cece shi. Yanzu kwance igiyar ku kwanta, kai a gado shi a gindin murhu."

Ya zaro ido ya ce, "Ya kwanta? Yaya, kina da hankali kuwa? Duk wanda ya kwanta ba ya tashi. Na gani da idona. Ai shi ya sa na gudo da shi."

"To har yaushe za ku yi ta zagaya mini sanda?"

"Har ya warke."

A nan na gane girman abin da ya same mu. Na kawo masa shayi na tsiyaya barasar da Vendel yake dafawa a ɓoye a ɗakin ƙasa, ya shinshina ya zubar. Na kawo miya, ya ba karen, karen ya kau da kai. Matan unguwa suna ta gicciye fuska, wata tana cewa a kira Fada, wata tana cewa aljanin kare ne ya hau shi. Na ɗauki tsintsiya na ce duk wadda ba ta bar mini shinge ba za ta ga aljani na gaske.

Da azahar mota ta tsaya a ƙofa, Dakta Merriam ya fito. Na ɗauka karensa ya biyo, har na gyara tsayuwa. Ya tsaya ya kalli Imrich na ɗan lokaci, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ja ni gefe. Vendel ya yi mana tafinta.

Ya ce, "Ku riƙe karen, ba na so. Da wuya ya rayu, ko ya kwanta ko bai kwanta ba. Mutumin nake ji. Zuciyarsa za ta iya tsayawa. In bai yi barci ba kafin faɗuwar rana, dole in turo motar asibitin masu taɓin hankali su ɗaure shi su yi masa allura."

Kowa a unguwarmu ya san wannan motar. Ta ɗauki mijin wata maƙwabciyata, ba a sake ganinsa ba, sai takardar rasuwarsa aka gani. Wanda kuma bai daɗe da shigowa ƙasar ba, in aka rubuta masa hauka, jirgin ruwa ake sa shi a mayar da shi inda ya fito. Imrich ba shi da kowa a can sai kaburbura.

Vendel ya raɗa mini, "Mu 'yan haya mu taru mu huɗu mu danne shi, a yanke igiyar."

Na ce, "Ku huɗu? Wannan ƙaton, a wannan halin? Sai ya karya wuyan wani, a haɗa mana da 'yan sanda."

Na shiga fili na jera da shi muna zagayawa. Muka yi ta tafiya har na ga ya saba da ni. Yana wari, leɓɓansa sun tsattsage, yana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake wani abu a ƙasa, alhali ba kome a wurin. Karen yana jan ƙafar baya, kansa yana karkace gefe guda.

Na ce, "Imrich, a makarantar mutum nawa suke aikin nan?"

"Biyu."

"To ina na biyun?"

"Dugan ya gudu."

"Ga ni. Ni zan karɓe ka. Ka je ka ɗan miƙe, ka dawo ka karɓe ni. In ka faɗi a nan, wa zai riƙe shi?"

Muka yi zagaye guda. Ya ce, "Ba ya tsaya wa kowa."

"Ni ba kowa ba ce. Jininmu ɗaya, warinmu ɗaya. Ni da na tsayar da kai da ƙafafunka, kare ne zai gagare ni?"

Ya dube ni da jajayen idanun nan. Ya ce, "Kada ki ja shi da ƙarfi. Ki riƙa kiran sunansa. In ya tsaya, ki sosa masa bayan karyayyen kunnen."

Da haƙori ya kwance ƙullin, don igiyar ta nutse cikin naman hannunsa, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Da kansa ya ɗaura mini a tsintsiyar hannu. Ya durƙusa ya yi wa karen magana a kunne, ya kasa miƙewa, sai da Vendel ya ɗago shi. Ba su kai gado ba. A kan matakala ta biyu ya sulale, Vendel da sauran 'yan haya suka ja shi zuwa dogon bencin kicin suka lulluɓe shi da kwat.

Allah ya sani na yi iya yina. Na kira sunansa, na sosa kunnen, na yi masa waƙar da ake yi wa tumaki. Ya bi ni zagaye biyu ko uku yana waiwayen ƙofar kicin. Sai ya tsaya. Ya karkata zuwa ƙofar, ya ja ni har bakin matakala, ya lanƙwashe ƙafafun gaba, ya ɗora haɓa a kan katako. Na ɗaga shi ya zube. Na yayyafa masa ruwa, ko kunne bai kaɗa ba. Na durƙusa ina jijjiga shi ina cewa, "Tashi, ɗan banza, tashi, kada ka yi mini haka."

Vendel ya leƙo ya ce a hankali, "In tashe shi? Da ya ji muryarsa zai miƙe."

Gaskiya ya faɗa, zai miƙe. Na dubi karen, na dubi ƙanena ta ƙofa, bakinsa a buɗe, dungulmin hannun yana reto a ƙasa. Na ce, "Ka taɓa shi in fasa maka kai da tukunya." Ban tashe shi ba, kuma ko yau aka dawo da ranar ba zan tashe shi ba.

Muka ɗauki karen muka shimfiɗa masa buhu a gindin murhu. Na ja kujera na zauna a tsakaninsu, igiyar tana hannuna don na kasa kwance ƙullin. In dubi wannan ƙirjin, in dubi wancan. Numfashin Imrich yakan ɗauke har in miƙe tsaye, sai ya ja shi da ƙarfi in koma in zauna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka kawo mini gawar mijina. Da yamma likitan ya dawo ya taɓa wuyan Imrich, ya gyaɗa kai, ya ce ba za a turo mota ba. Ya duƙa ya taɓa karen, ya miƙe ya fita.

Da gari ya waye jikin Bodrik ya sandare. Imrich bai farka ba sai da rana ta sake yin sanyi. Ya tashi zaune, ya sha ruwa kofi biyu, idonsa ya dawo irin na mutane. Ya dubi buhun da na rufe karen da shi.

Ya ce, "Ya kwanta ko?"

Na ce, "Ya kwanta."

Bai zarge ni ba, a ranar ko bayanta. Ya kwance mini igiyar, ya ɗauki shebur ya haƙa rami a gindin shinge.

Bai koma makarantar ba. Fada ya ba shi aikin kula da tukunyar ɗumama coci, ya riƙe shi har tsufa. Bai yi aure ba, bai kuma sake ajiye kare ba, ko da yake har ya tsufa karnukan unguwa suna bin sa yana korarsu. Hankalinsa ya dawo sarai, yana lissafi, yana karanta jarida, ya san abin da ya faru da shi. Abu ɗaya ne bai warke ba: ba ya iya ganin mai rai yana barci. In ya tarar da mutum yana gyangyaɗi a benci sai ya canza hanya. Ni kaina sau da yawa nakan farka daga barcin rana in gan shi a ƙofa yana tari na ƙarya.

Da 'yata Irenka ta haihu, ta zo wankan jego wurina. Na gargaɗe ta kada ta bar jaririn shi kaɗai da kawunta, ta ce ni dai na cika tsoro. Wata rana da hantsi ta fita shanya, ni ina ɗakin ƙasa ina ɗibar dankali, sai na ji gidan ya yi tsit. Na watsar da kwando na hau da gudu, da tsufana.

Yana tsaye a kan gadon jaririn. Ya miƙa dungulmin hannun saitin kafaɗar yaron, saura kaɗan ya taɓa, ya sa ɗaya hannun ya damƙe shi yana riƙe da shi. Gumi yana zuba daga haɓarsa. Yaron yana ta barcinsa.

Bai juyo ba ya ce, "Yaya, ban taɓa shi ba."

"Na gani."

"Duba mini. Yana numfashi?"

Na duƙa na duba na ce, "Yana yi."

"Zai tashi?"

"Zai tashi, in yunwa ta kama shi."

Ya ce, "To tsaya nan tare da ni har ya tashi. Ki riƙe mini hannun nan, na gaji."

Na kama hannun da hannuwana biyu, muka tsaya muna jira.